Pablo Marí: ɗan ƙwallo ne na gaske ko dillalinsa ne gwani?

Ɗan Gyallesu:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga waɗanda suke bin ƙwallon Turai da natsuwa ce, ba irinmu masu ihu a gidan kallo ba.

Ni ɗan Arsenal ne tun zamanin Kanu, kuma cikin duk 'yan bayan da suka ratsa ta ƙungiyar nan babu wanda lamarinsa yake ɗaure mini kai kamar Pablo Marí, dogon nan ɗan Sifaniya mai lamba 22. Abin da na riƙe a kansa bai wuce ranar 22 ga Agustan 2021 ba, da Lukaku ya dawo Chelsea ya yi yadda ya ga dama da shi a Emirates, aka ci mu biyu da nema. Daga ranar na cire shi daga lissafi.

To shekaranjiya ina latse-latsen waya sai na ci karo da jerin inda ya taka leda: Mallorca, Tarragona, Manchester City, Girona, NAC Breda, Deportivo, Flamengo, Arsenal, Udinese, Monza, Fiorentina. Ƙungiya 11, ƙasa biyar, zuwa 2025. Idan ya iya ƙwallo, me ya hana shi zama wuri ɗaya? Idan kuma bai iya ba, me ya sa City da Flamengo da Arsenal duk suka sa kuɗinsu a kansa? Wani abokina cewa ya yi duk aikin dillali ne, wai in kana da dillali mai baki ko gurgu zai sayar. Ni ban gamsu ba, ban kuma da hujjar ƙaryata shi.

Blues Sabon Gari:

Abokinka ya gama magana, me kuma kake nema? Mun gan shi da idonmu. Minti 15 kacal Lukaku ya ture shi ya faɗi ƙasa, ya wuce ya karɓi ƙwallon Reece James ya zura. Ko a wasan da kuka ci mu uku da ɗaya a Disamban 2020, ai shi ya kwashe Mount a cikin da'ira aka ba mu fenareti, Allah ne ya taimake ku Leno ya ture bugun Jorginho. Ɗan wasan da ya iya, riƙe shi ake yi. Wanda ake ta miƙawa daga hannu zuwa hannu, kowa ya san dalili.

Kawu Mai Gidan Kallo, Samaru:

Wa alaikumus salam. Ɗana na Gyallesu, tambayarka ta fi ƙarfin amsar da aka ba ka. Shi wannan na Sabon Gari ƙyale shi, Lukakun da yake tinƙaho da shi kaka ɗaya ya yi aka mayar da shi Inter a matsayin aro, bayan an zuba fam miliyan 97 da ɗoriya.

Ni na ga Marí kafin ku 'yan Arsenal ku san da zamansa a duniya. Ranar Asabar ce, 23 ga Nuwamban 2019, ranar da Southampton ta riƙe ku biyu da biyu a gida, sai a ƙarshen wasa Lacazette ya farke, kuka fita kuna zagin Emery. Da aka tashi wasan City da Chelsea gida ya watse, ina shirin kashe janareta, sai wasu ɗaliban jami'a suka ce don Allah Kawu a bar mana, za a buga wasan ƙarshe na Copa Libertadores, wato kofin zakarun Kudancin Amurka, Flamengo ta Brazil da River Plate ta Ajantina, a Lima babban birnin Peru. Na ce su haɗa kuɗin mai. Suka haɗa, har da canji ya ragu suka sayo mini shayi. Benci biyu kawai muka cika.

River ta ci tun da wuri ta ƙafar Borré, ta riƙe har ana shirin tashi. Sai Gabigol ya farke a minti na 89, ya ƙara ta biyu cikin ƙarin lokaci. Yaran nan suka yi ta tsalle har maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambaya ko wuta ce ta kama. Ni kuwa da yake lamba biyar na buga a ƙuruciyata, idona kullum a baya yake. Na ga wani dogo fari a ɓangaren hagu, Rodrigo Caio a damansa, Filipe Luís a gefensa. In ƙwallo ta zo masa ba ya dokawa sama don ya rabu da ita. Zai tsayar, ya ɗaga kai, ya miƙa ta ƙasa-ƙasa da ƙafar hagu ta tsakanin 'yan River. Na tambayi yaran wane ne wannan, ɗaya ya duba waya ya ce ɗan Sifaniya ne, wai daga Manchester City aka sayo shi. Na ce ƙarya ne, babu wasan City da ba a nuna a gidan nan, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ashe duk mu biyun muna da gaskiya.

Rabon Flamengo da kofin nan tun 1981, zamanin Zico. Washegari kuma, ba tare da sun taka fili ba, suka zama zakarun gasar Brazil saboda Grêmio ta doke Palmeiras. Marí ne ɗan Sifaniya na farko da ya ɗaga Libertadores. Bayan wata guda, a Doha, suka haɗu da Liverpool a wasan ƙarshe na kofin ƙungiyoyin duniya. Salah, Mané, Firmino, Liverpool ɗin da ta ci kofin Zakarun Turai a shekarar kuma take hanyar cin Firimiya. Minti 90 babu ci. Sai a minti na 99 Firmino ya samu ya zura. Wanda bai iya ba, ba zai tsaya gaban waɗannan ukun har tsawon wannan lokaci ba, komai bakin dillalinsa.

Yanzu mu koma baya, don a nan amsarka take. An haife shi a 1993 a wani ƙaramin gari, Almussafes, kusa da Valencia. A Mallorca ya ƙarasa girma, amma babbar ƙungiyar ba ta ba shi wuri ba sai ɗan leƙe. A 2013 yana ɗan shekara 20 ya sauka har rukuni na uku, ya tafi Gimnàstic ta Tarragona. Kaka uku ya yi a can. A 2015 suka hau rukuni na biyu, a 2016 suka ƙare na uku, saura ƙiris su shiga La Liga, Osasuna ta fitar da su a wasannin cike gurbi. A nan City ta gan shi ta saya. Shekara uku sunansa yana cikin littafinsu, bai buga musu ko minti ɗaya ba. Suka tura shi Girona, ya fi zaman benci. Suka tura shi Breda a Holan, ya samu wasa sosai, kuma a nan ne ya yi wata shida tare da ɗanmu na Kaduna, Sadiq Umar, wanda shi ma Roma ce take ta yawo da shi a lokacin. Sai Deportivo La Coruña, inda ya zama ginshiƙin baya. A Yunin 2019 suka kai wasan ƙarshe na neman hawa La Liga, suka ci biyu da nema a gida, suka je aka rama musu uku da nema. Wace ƙungiya ce ta hana su? Mallorca, wadda ta raine shi. Bayan 'yan makonni Flamengo ta ɗauke shi, kociyanta Jorge Jesus ɗan Portugal yana neman mai ƙafar hagu. Wata biyar tsakanin kukan rukuni na biyu da kofin nahiya.

Zuwansa Arsenal ma ba abin mamaki ba ne. Arteta ya karɓi aikin kociya a Disamban 2019, ya tarar da David Luiz, Sokratis, Mustafi, Holding da Chambers, kowannensu da dama yake wasa, Chambers ma ya ji rauni a gwiwa kafin shekara ta ƙare. Duk wanda ya taɓa tsayawa a hagun tsakiyar baya da ƙafar dama ya san wahalar: ƙwallo ta zo, sai ka juya jikinka ciki kafin ka miƙa, kafin nan ɗan gaba ya iso kanka, kuma hanyar lamba uku ta toshe. Mai hagu kuwa jikinsa a buɗe yake, taɓawa ɗaya ya fitar. Irinsu ba su da yawa a kasuwa, shi ya sa ko matsakaici a cikinsu ba ya rasa mai nema. Ga shi Edu, daraktan da yake kula da sayen 'yan wasa a Arsenal a lokacin, ɗan Brazil ne, ya san abin da ake yi a Flamengo. Marí shi ne ɗan wasa na farko da aka kawo a zamanin Arteta, ƙarshen Janairun 2020.

Sauran kai ma ka sani, sai dai ka manta tsarinsa. Ya buga da Portsmouth a kofin FA, ya buga da West Ham, duka biyun ba a zura musu ba. Korona ta tsayar da komai. Ranar da aka dawo, 17 ga Yuni, a Etihad, gidan mutanen da suka ajiye shi shekara uku, idon sawunsa ya samu matsala tun kafin hutun rabin lokaci. David Luiz ya canje shi, ya ba da ƙwallo, ya jawo fenareti, ya karɓi jan kati. Aka ci kofin FA a Agusta Marí yana jinya. A Satumba aka sayo Gabriel daga Lille, shi ma mai hagu, ya fi shi ƙuruciya, ya fi shi gudu, ya fi shi ƙarfi. Kujerarsa ta tafi tun bai miƙe ba.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba: ba shi da gudu, kuma juyawa tana yi masa nauyi. A Ingila wannan babban laifi ne. Amma rashin gudu daban, rashin iya ƙwallo daban.

Ɗan Gyallesu:

Kawu, Allah ya ƙara girma, wallahi rabin wannan ban sani ba. Amma har yanzu maganar City ba ta zauna mini ba. Ka sayi mutum da kuɗinka, ka riƙe shi shekara uku, ko atisayen kirki bai yi da manyan 'yan wasanka ba? Ina ribar?

Kuma ina da dalilin tambaya. Ɗan yayata shekararsa 19, shi ma lamba biyar ne mai ƙafar hagu, yana bugawa wata ƙungiyar unguwa. Wani mutum ya zo yana cewa zai fitar da shi waje gwaji, amma sai an haɗa masa kuɗin jirgi da na biza da wani abu da ya kira kuɗin rajista. Yaya har ta fara maganar sayar da filinta na Dakace.

Lauyan Kongo:

Malam Ɗan Gyallesu, ribar a bayyane take, sai dai ba a fili ake cinta ba, a ofis ne. Babbar ƙungiya tana sayen yaro da araha, ta tura shi aro inda wasu za su biya albashinsa ko wani ɓangare, su kuma koya masa aiki. In ya yi fice ta dawo da shi, in ya tsaya matsakaici ta sayar da riba, in ya lalace asarar kaɗan ce. A kakar da Marí ya je Breda ba shi kaɗai City ta tura ba, akwai Angeliño da Manu García, domin akwai yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyin biyu. Girona kuwa a 2017 kamfanin da ya mallaki City ya sayi kaso mai tsoka a cikinta, tare da Pere, ɗan'uwan Guardiola.

Shi kuma ɗan'uwanmu na Sabon Gari da yake cewa wanda ya iya riƙe shi ake yi, ya tuna Kenneth Omeruo. Chelsea ta saye shi a 2012, ya ci kofin Afirka da Najeriya a 2013, ya je kofin duniya sau biyu, amma bai taɓa buga wa Chelsea wasan gasa ba. ADO Den Haag, Middlesbrough, Kasımpaşa, Alanyaspor, Leganés, sai a 2019 aka sallame shi. Shekarar haihuwarsu ɗaya da Marí, shekarar da suka samu 'yanci ma ɗaya. Abin ya yi yawa har FIFA ta sa doka daga Yulin 2022: aro zuwa ƙasashen waje kada ya wuce mutum takwas, aka rage zuwa bakwai, daga 2024 ya koma shida, kuma kada a tura fiye da uku ƙungiya ɗaya. An cire yaran da ƙungiya ta raina da kanta waɗanda ba su haura 21 ba.

Game da yaronku, ku gaya wa Hajiya ta riƙe filinta. Ku nemi takardar gayyata daga ita ƙungiyar, da sunan yaron a jiki, sannan ku rubuta wa ƙungiyar ta adireshin da yake shafinta, ba wanda mutumin ya ba ku ba. Ku tambaye shi lasisinsa na dillancin 'yan wasa. Ƙungiyar da take son yaro da gaske ba ta karɓar kuɗin rajista a hannun uwarsa. Na ga irin wannan a kan teburina, fili ya tafi, yaro ya maƙale a wata ƙasa babu ko kuɗin dawowa.

Blues Sabon Gari:

Barista, na karɓi ta Omeruo, wannan mun zalunce shi. Amma Kawu, da girmanka, akwai inda maganarka ta ci karo da juna. Ka ce mutumin ba shi da gudu. To Flamengo ta Jorge Jesus ai 'yan bayanta har tsakiyar fili suke hawowa, kowa ya san haka. In rashin gudu ne matsalarsa, a can ya kamata asirinsa ya tonu, ba a Landan ba. Ni abin da na gani shi ne gasar Brazil ba ta kai ba, shi ke nan.

Kawu Mai Gidan Kallo, Samaru:

Yaro, yau ka yi tambayar masu hankali, zan amsa maka da mutunci.

Hawowa tsakiyar fili ba ya kashe mai nauyin jiki sai in an bar wanda yake riƙe da ƙwallo ya ɗaga kai. Flamengo ta wancan lokaci ƙwallo a ƙafarta take wuni, in ta ƙwace mata kuma Gabigol da Bruno Henrique da Arrascaeta da Éverton Ribeiro sun rufe mutum kafin ya numfasa. Mai jefa doguwar ƙwallo bayan Marí ba ya samun sukuni, in ma ta wuce ga Rodrigo Caio. Yanzu dubi ranar da kake ta maimaitawa. Ben White korona ta kwantar da shi, Gabriel yana jinya, Partey yana jinya, mako ɗaya kafin nan Brentford ta ci su biyu. Jorginho da Kovačić suna tsakiya babu mai takura musu, suna zaɓar lokacin da za su miƙa wa Lukaku, shi kuma ya jingina da Marí ya juya. Eh, ya sha kashi ranar, ban musa ba. Amma an bar shi shi kaɗai da mutumin da ya gama cin ƙwallo 24 a Seriya A.

Hujjata ita ce abin da ya biyo baya. A Janairun 2022 ya tafi Udinese aro, inda Isaac Success yake, aka sa shi cikin 'yan baya uku, nan take ya zauna. A Agusta Monza ta karɓe shi, ƙungiyar Berlusconi da Galliani, karon farko a tarihinta a Seriya A, da sharaɗin in ba ta faɗi ba dole ta saye shi. Suka fara kakar da shan kashi a jere, aka cire Stroppa aka ɗora Raffaele Palladino, wasansa na farko ya doke Juventus ɗaya da nema. Palladino ya dasa Marí a tsakiyar ukun, mai gudu a dama, mai gudu a hagu, shi aikinsa karanta wasa, cin ƙwallon sama, da fara rabawa. Abin da aka halicce shi ya yi ke nan.

Sai ƙaddara ta gitta. Ranar 27 ga Oktoban 2022 yana sayayya a wani babban kanti a Assago, bayan garin Milan, da matarsa da ƙaramin ɗansu a cikin keken kaya, wani mutum ya ɗauki wuƙa daga kan kanta ya hau sukar jama'a. Ma'aikacin kantin guda ya rasu. Marí a gadon baya aka soke shi, sai da aka yi masa aiki a asibitin Niguarda. Wanda ya taimaka aka danne maharin ma tsohon ɗan baya ne, Massimo Tarantino, da ya buga wa Napoli da Inter. Hutun kofin duniya na Katar ya zo masa a daidai, a Janairu ya dawo fili. Monza ta ƙare ta 11, ta biya Arsenal. Ranar da labarin ya fito, 'yan Arsenal ɗin da suke zaginsa a gidana su ne suka riƙa tambayata ko ya farfaɗo.

Palladino ya koma Fiorentina a 2024, a Janairun 2025 ya aika aka kawo masa Marí. Wannan shi ne abin da abokin Ɗan Gyallesu bai gane ba. Dillali zai iya shigar da kai ƙofa sau ɗaya. Kociyan da ya zauna da kai kaka biyu, ya ga atisayenka safe da yamma, ba zai sake nemanka don bakin dillali ba, aikinsa ne a kan layi. Irin waɗannan 'yan wasa 'yan ci-rani ne: uban gidan da ya ji daɗin aikinka bana, shi zai aiko a neme ka baɗi ko da ya canza gari. Haka Chico Flores ya yi, wani ɗan bayan Sifaniya mai ƙulla gashi, wanda Allardyce, kociyan West Ham a lokacin, ya tsaya a bakin layi yana yi wa dariya don ya faɗi yana birgima. Kociya Michael Laudrup ya riƙe shi a Mallorca, ya kira shi Swansea a 2012, ya sake haɗuwa da shi a Lekhwiya ta Katar a 2014.

Ɗana na Gyallesu, maganar Barista a kan fili ita ce magana, ban da abin ƙarawa a ɓangaren takarda. Ta ɓangaren ƙwallo kuwa, ka lura City ba a gwaji ta ga Marí ba. Kaka uku ya yi a Tarragona yana buga wasan gasa kowane mako, ana rubutawa, ana ɗauka a bidiyo. Yaronku ya nemi ƙungiyar da take cikin gasa mai rajista, ko ta ƙaramin rukuni ce, ya buga kaka cikakkiya, a riƙa ɗaukar wasanninsa ko da waya ce, cikakken wasa ba guntayen da ya yi kyau kaɗai ba. Ƙafar hagun nan jari ce, kada a yi gaggawar zubar da ita.

Blues Sabon Gari:

Kawu na ji, kuma Allah ya kiyaye gaba game da wuƙar nan, wannan ba abin wasa ba ne. Amma bari in ajiye guda ɗaya. In ƙafar hagu tana da tsada haka, me ya sa Sifaniya ba ta taɓa kiransa babbar tawaga ba ko sau ɗaya? A 2021 sai da suka ba Laporte, haifaffen Faransa, takardar zama ɗan ƙasa ana gab da gasar Turai, alhali Marí yana Arsenal a zaune.

Kawu Mai Gidan Kallo, Samaru:

Saboda Laporte ya fi shi. Pau Torres ya fi shi, Iñigo Martínez ma ya fi shi, kuma duka ukun da hagu suke wasa.